Muhawara: Shin ya dace hukuma ta riƙa kaɗa wayoyin jama'a da saƙon gargaɗi na gwaji?

Baban Amina:
Assalamu alaikum. Ina so in kawo wata magana gaban 'yan uwa domin mu tattauna ta a natse. Ranar Lahadi 7 ga Satumba, 2025, da misalin ƙarfe uku na rana, gwamnatin Birtaniya ta sake gwada tsarinta na gargaɗin gaggawa. Wayoyin hannu a faɗin ƙasar suka ɗauki ƙara mai kama da jiniya na kimanin daƙiƙa goma, har da waɗanda masu su suka rufe musu sauti, sannan rubutu ya bayyana yana cewa gwaji ne kawai, babu abin da ake so kowa ya yi. Wannan ne karo na biyu, domin an yi na farko ranar 23 ga Afrilu, 2023. A tsakanin biyun an yi amfani da tsarin da gaske, kamar lokacin guguwar Darragh a Disamban 2024, sa'ad da aka gargaɗi mutane kusan miliyan uku a Wales da kudu maso yammacin Ingila.

Mutanenmu mazauna nan Birtaniya sun rabu gida biyu a kan lamarin. Wasu na ganin hangen nesa ne, wasu kuma na cewa tayar da hankalin bayin Allah ne babu gaira babu dalili. Ni ina tare da na farkon, amma ina so in ji hujjar kowane ɓangare daga bakin masu ita.

Dattijon Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam, ni dai ban gamsu ba, kuma dalilaina biyu ne. Na farko, firgici ba abin wasa ba ne. A cikin miliyoyin mutanen da wayarsu za ta yi kururuwa a lokaci guda akwai mai hawan jini, akwai tsohuwar da ba ta iya karanta abin da ya fito a fuskar wayar, akwai direban da ke tsakiyar babbar hanya, akwai kuma wanda ya baro ƙasarsa saboda yaƙi, wanda ƙarar jiniya ke dawo masa da abin da yake ta ƙoƙarin mantawa. Na biyu, kunne yana sabo. Idan yau an kaɗa an ce gwaji ne, gobe ma an kaɗa an ce gwaji ne, to ranar da masifar za ta zo da gaske mutum zai kife wayarsa ya ci gaba da abin da yake yi. Me zai hana su gwada na'urorinsu a cikin ofisoshinsu, su bar jama'a su huta?

Injiniya:
Ranka ya daɗe, tambayarka ta ƙarshe ita ce gundarin maganar, kuma amsarta tana cikin yadda tsarin yake aiki. Wannan saƙo daban yake da saƙon kar-ta-kwana da muka saba. Shi saƙon kar-ta-kwana lamba yake bi, ɗaya bayan ɗaya, yana shiga layi, shi ya sa a da idan sabis ya cunkushe ranar sallah sai gaisuwar da aka aiko da safe ta iso bayan isha'i. Saƙon gargaɗi kuwa turakun sadarwa ne ke watsa shi ga duk wayar da ke ƙarƙashinsu, tamkar mai shela da ya tsaya a tsakiyar kasuwa: bai san sunan kowa ba, ba ya neman lambar kowa, duk wanda ke wurin zai ji, baƙo da ɗan gari. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya game yankin da aka zaɓa, kuma cunkoso ba ya tare shi.

Amma wannan fa'idar tana tafe da wani naƙasu. Tun da wayar ba ta mayar da amsa cewa ta karɓa, wanda ya aika saƙon ba shi da hanyar sanin wa ya ji, wa bai ji ba. Kwamfutar ofis za ta nuna masa cewa saƙo ya fita, alhali wani gari guda bai ji komai ba. Abin da ya faru a Birtaniya a 2023 ke nan: ɗimbin masu amfani da layin kamfanin sadarwa na Three ba su sami saƙon ba, kuma ba a gano haka ba sai da aka aika da gaske, mutane suka fito suna cewa wayarsu ko motsi ba ta yi ba.

A nan Jamus inda nake zaune mun ga abin da ya fi wannan. Ranar 10 ga Satumba, 2020, aka yi gwajin ƙasa baki ɗaya na farko tun bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma. An sanar cewa da ƙarfe sha ɗaya na safe za a ji jiniya, manhajar gargaɗi ta NINA kuma za ta yi ƙara. Lokaci ya yi, garuruwa da yawa suka ji shiru, domin an kwance jiniyoyinsu tun bayan ƙarewar yaƙin cacar baka, saƙon manhajar kuma ya makara da kusan rabin sa'a saboda tsarin ya cushe. Ma'aikatar harkokin cikin gida da kanta ta amsa cewa gwajin bai yi nasara ba, aka kuma sauke shugaban hukumar da ke kula da aikin. Abin baƙin cikin shi ne gyaran bai kammala ba ambaliyar watan Yulin 2021 ta zo, ta hallaka mutum sama da 180 a ƙasar, mafi yawansu a kwarin kogin Ahr, inda da yawa ruwa ya riske su cikin dare a gidajensu. Bayan wannan ne aka kawo tsarin watsawa daga turaku, aka gwada shi ranar 8 ga Disamba, 2022, kuma yanzu kowace Alhamis ta biyu a watan Satumba ake maimaitawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, Alhaji. Kunyar da hukuma ta ji a 2020 ba ta kashe kowa ba.

Ɗalibi a Minnesota:
Ina neman izinin manya in ƙara wa maganar Baba Alhaji ƙarfi, domin akwai misalin da duk wanda ke Amurka ya sani. Ranar Asabar 13 ga Janairu, 2018, da ƙarfe takwas da minti bakwai na safe, mutanen jihar Hawaii suka sami saƙo a wayoyinsu cewa makami mai linzami na tafe, kowa ya nemi mafaka nan take, kuma wannan ba atisaye ba ne. A lokacin ana tsaka da musayar barazana tsakanin Amurka da Koriya ta Arewa, saboda haka babu wanda ya ɗauki abin da wasa. Iyaye suka kwashi 'ya'yansu suka shige banɗaki, wasu suka kira danginsu suna ban kwana. Sai bayan minti 38 aka aiko da saƙo na biyu cewa kuskure ne. Asalin abin kuwa atisaye ake yi. Shin wannan bai nuna cewa gwajin kansa haɗari ba ne?

Injiniya:
Ƙanena, ka kawo misali mai kyau, amma ka duba irin atisayen da ya haifar da shi. Ba gwajin da aka sanar wa jama'a ba ne. Atisayen cikin gida ne, irin wanda Alhaji ya ba da shawara, aka yi shi ba zato a lokacin da ma'aikatan dare ke miƙa aiki ga na safe. Binciken hukumar sadarwa ta Amurka ya nuna cewa muryar da aka kunna wa ma'aikatan ta faɗi cewa atisaye ne, amma a cikinta kuma akwai jimlar da ke cewa ba atisaye ba ne, ma'aikacin ya ce ita ya ji, ya ɗauka harin gaske ne. Mutum ɗaya ne ke da ikon aikawa babu mai tabbatar masa. Mafi muni, ba su taɓa tanadar saƙon janyewa ba, shi ya sa aka ɓata wannan lokaci mai tsawo. Gwamnan jihar na lokacin, David Ige, ya faɗa daga baya cewa bai riƙe kalmar sirrin shafinsa na Twitter ba, abin da ya ƙara jinkirta sanarwarsa. Bayan haka ne suka kafa dokar cewa sai mutum biyu sun amince kafin saƙo ya fita, suka kuma rubuta saƙon janyewa suka ajiye.

Irin wannan ya faru a Ontario ta Kanada ranar 12 ga Janairu, 2020, inda jami'in da ke bakin aiki ya yi niyyar aika saƙon horo, sai ya shiga tsarin gaske, miliyoyin mutane suka tashi da labarin matsala a tashar nukiliya ta Pickering, janyewar kuma ta ɗauki kusan sa'o'i biyu. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne dole a raba tsarin horo da na gaske rabuwar da hannu ba zai iya zamewa daga wannan zuwa wancan ba, kuma a horar da ma'aikata yadda ake cewa an yi kuskure da sauri kamar yadda ake horar da su aikawa.

Dattijon Fagge:
Na ji wannan, kuma na karɓa. To amma maganar sabon kunne fa? Ba ka taɓa ta ba.

Baban Amina:
Bari in taɓa ta, ranka ya daɗe. Sabon kunne gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne ƙayyade lokaci da taƙaita yawa. A Holan ana kaɗa jiniya ranar Litinin ta farko a kowane wata da ƙarfe sha biyu na rana daidai, saƙon waya kuma sau biyu kacal a shekara, a Yuni da Disamba. Yaro ma ya san cewa idan ya ji jiniya a wannan sa'a gwaji ne, idan kuma ya ji ta ranar Alhamis da la'asar to akwai magana. Faransa na yin nata ranar Laraba ta farko a wata. A Amurka doka ta 2015 ta wajabta gwajin ƙasa baki ɗaya aƙalla sau ɗaya a shekara uku. Abin da ke kashe amincewar jama'a shi ne irin wanda ya faru a Florida ranar 20 ga Afrilu, 2023, lokacin da gwajin da aka yi niyyar yi a talabijin ya faɗa wayoyin mutane da ƙarfe biyar saura kwata na asuba. Jihar ta nemi afuwa, ta kuma raba gari da kamfanin da ke yi mata aikin, amma abin da jami'ai suka fi tsoro shi ne mutane su fusata su kashe gargaɗin a wayoyinsu gaba ɗaya, a jihar da guguwar teku ke ziyarta kusan kowace shekara.

Maman Hanan:
Ina yi wa kowa sallama. Akwai wasu mutane da maganarku ba ta kai gare su ba, kuma su ne suka fi damuna. Ina aikin sa kai tare da matan da ke fama da cin zarafi a gidajen aurensu a nan Ingila, kuma da yawa daga cikinsu suna da waya ta biyu da mijin bai san da ita ba. Wata tana ɓoye ta a ƙasan buhun shinkafa, wata a cikin takalmin sanyin da ba a sawa, wata a bayan injin wanki. Wannan waya ita ce kaɗai hanyarta ta kiran 'yar uwarta ko 'yan sanda ranar da abu ya ɓaci. Ku yi tunanin ranar Lahadi da ƙarfe uku, mijin yana zaune a falo, sai ƙara ta tashi daga ɗakin girki. Rufe sauti ba ya hana wannan ƙara. Sai dai a kashe wayar ɗungurungum, ko a shiga saitinta a cire gargaɗin.

Ƙungiyoyin kare mata daga cin zarafi irin su Refuge sun yi ta faɗakarwa kafin gwajin 2023, kuma gwamnati ta fitar da bayanin yadda ake kashewa. Amma matan da na fi jin tsoro a kansu su ne waɗanda ba sa jin Turanci sosai, ba sa fita, ba sa kallon labarai, cikinsu har da 'yan uwanmu da aka kawo aure daga gida. Ban ce kada a yi gwaji ba. Na ce duk gwajin da ba a sanar da shi makonni kafin ranar ba, cikin harsunan da mutane ke ji, zalunci ne a kan waɗannan mata, kuma ina roƙon duk wanda ke cikin wannan zaure, idan ya ji an sa ranar gwaji a ƙasar da yake, ya yaɗa a zaurukan mata musamman.

Ɗalibi a Minnesota:
Allah ya saka da alheri, Anti. A nan ma an yi irin wannan faɗakarwa kafin gwajin 4 ga Oktoba, 2023, kuma zan riƙe wannan amana.

Ɗan Yerwa:
Ni ina karanta maganganunku ne ina jin wani abu a ƙirjina, domin ku kuna muhawara a kan ƙarar da ta yi yawa, mu kuwa shiru ne ya cuce mu. Daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo Maiduguri mutane na barci. Ya mamaye Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da harabar fadar Shehu, ya ci gidan namun daji, ya rusa katangar gidan yari. A layinmu abin da ya tashe mu shi ne dukan ƙofa da maƙwabci ya yi da dutse yana kiran sunana. Na sauko da ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa. Wayata tana gefen matashin kaina, da caji, da sabis, kuma ba ta ce mini komai ba. Da za ta yi wannan kururuwar da Alhaji ke ƙi sa'a biyu kafin nan, da mun fita da takardun makarantar yara da magungunan mahaifiyata, da kuma ba a ɗauke ta a kafaɗa cikin duhu ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Mokwa a jihar Neja ruwa ya same su da asubahin 29 ga Mayu, 2025, aka rasa rayuka sama da 150. Mazauna gaɓar Binuwai daga Yola zuwa Makurɗi sun san abin da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ke nufi tun 2012. Shi ruwan Lagdo ana sanin za a sake shi, kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya gangaro. Irin wannan haɗari ne tsarin da Injiniya ya bayyana ya fi dacewa da shi.

Malama Uwar Ɗalibai:
Allah ya mayar muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ina goyon bayan a samar da tsarin a gida, amma ina so mu faɗa wa kanmu gaskiya game da yadda gwajin farko zai kasance idan aka kwafo shi yadda yake a Turai. Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zaga cikin dare cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha. Kafin gari ya waye an tashi gidaje daga Legas har Kano, wasu suka kwanta a asibiti, aka ma rasa rayuka. Ku tuna jita-jitar lambar wayar da ake cewa duk wanda ya amsa kiranta zai mutu. A Amurka ma, da duk karatunsu, kafin gwajin 2023 an yaɗa cewa ƙarar za ta tayar da wani abu a jikin waɗanda suka yi allurar rigakafin korona. To a garin da aka sha harin 'yan bindiga, idan wayoyi suka yi kururuwa a lokaci guda ranar kasuwa, rubutun kuma da Turanci, turmutsitsin da za a yi zai iya kashe mutane kafin a sami mai karantawa.

Saboda haka a ganina sanarwar da za ta gabaci gwajin ta fi gwajin nauyi. A faɗa a gidajen rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci, a kunna wa mutane ainihin ƙarar su ji ta da kunnensu tun kafin ranar. Limamai su ambata bayan huɗuba, fastoci su faɗa ranar Lahadi, masu unguwanni su sa a yi shela. A kauce wa lokacin sallar Juma'a da ranar babbar kasuwa da lokacin jarrabawa. A fara da ƙaramar hukuma ɗaya a bakin kogi, kafin damina, ba ƙasa baki ɗaya ba.

Baban Amina:
Malama, kin kawo ni kan abin da na fi so in faɗa tun farko. Gwajin da ya tsaya a kan ko waya ta yi ƙara ko ba ta yi ba, rabin aiki ne. Sifaniya tana da tsarin, ta gwada shi, yana aiki. Ranar 29 ga Oktoba, 2024, hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗi mafi tsanani a kan yankin Balensiya tun da safe, amma hukumomin yankin ba su aika saƙo zuwa wayoyi ba sai bayan ƙarfe takwas na dare, lokacin da ruwa ya riga ya tafi da motoci da mutanen cikinsu. An rasa rayuka sama da 220. Wannan shi ne ihu bayan hari. Na'ura ba ta gaza ba, masu yanke shawara ne suka yi ta jinkiri.

A tsibirin Maui na Hawaii kuwa ana gwada jiniyoyi kowane wata ba fashi, amma ranar 8 ga Agusta, 2023, da gobarar daji ta cinye garin Lahaina ta kashe mutum kimanin ɗari, ba a kaɗa su ba. Shugaban hukumar agajin gaggawa ta yankin ya ce ya ji tsoron mutane za su ɗauka igiyar ruwa ce ta tsunami su gudu zuwa tudu, inda wutar take, daga baya ya ajiye aikinsa. Ko mutum ya yarda da uzurinsa ko bai yarda ba, abin da ya bayyana shi ne shekaru ana koya wa jama'a ƙarar, ba a koya musu cewa tana iya nufin wuta ba. Ya kamata atisaye ya haɗa da jami'in da za a tasa da ƙarfe biyu na dare, a ga ko ya san shi ke da ikon aikawa ba sai ya jira gwamna ya ɗaga waya ba, a ga minti nawa zai ɗauka, a kuma ga ko mutanen unguwa sun san makarantar da za su nufa.

Dattijon Fagge:
To, na sassauta, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Sharaɗina shi ne duk hukumar da ta kaɗa wayar jama'a ta dawo bayan wata guda ta faɗa musu sakamakon: garuruwa nawa suka ji, waɗanne ne ba su ji ba, me ya hana, yaushe za a gyara. Sannan a rubuta a doka cewa wannan hanya ta ceton rai ce kawai. Ranar da aka aiko da gaisuwar sabuwar shekara ko tallan ɗan takara ta cikinta, ni ne farkon wanda zai kashe ta a wayarsa, kuma ba zan zargi wanda ya bi sahuna ba.

Ɗan Yerwa:
Injiniya, ina da tambaya. Mahaifiyata da yawancin tsofaffin unguwarmu ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa. Irin wannan saƙo zai shiga cikinta?

Injiniya:
A tsarin Birtaniya ba zai shiga ba, domin nasu yana tafiya ne a kan 4G da 5G kawai, kuma sai wayar da manhajarta ba ta tsufa sosai ba. Ita fasahar watsawa daga turaku ta girmi waɗannan, akwai ta tun zamanin 2G, amma ƙarar mai ƙarfi da fitowar rubutu a fuskar waya sun dogara ne ga yadda aka ƙera wayar, kuma ƙananan wayoyin da ke kasuwanninmu iri-iri ne. Shi ya sa idan za a yi gwaji a wuri kamar Gwange, bai kamata a tsaya ga fom na intanet ba, domin masu manyan wayoyi ne kaɗai za su cika shi. Sai a tura matasa gida-gida a ranar, su tambayi kowane magidanci wace irin waya ke hannunsa, wane layi ne a ciki, ta yi ƙara ko ba ta yi ba, ya gane abin da aka rubuta ko bai gane ba. Gidajen da aka samu ba su ji ba, a rubuta su a ba mai unguwa da ladanin masallacin layin, su ne waɗanda za a fara bi da lasifika da dukan ƙofa.